Jagorar Mafari a Wasan Age of Empires II: Daga Kiwon Tumaki Zuwa Jan Runduna

Wasannin dabarun yaƙi na kwamfuta sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda ake yi bi da bi kamar dara, inda kowa yake jiran abokin karawarsa ya gama tunani kafin ya motsa, akwai kuma waɗanda agogonsu ba ya tsayawa, wato kana gina gidaje a nan, abokin gaba yana ɗaura wa dawakinsa sirdi a can, babu mai jiran wani. Age of Empires II yana cikin kashi na biyu, kuma yana daga cikin waɗanda suka fi daɗewa ana buga su. Kamfanin Ensemble Studios ne ya ƙirƙire shi, Microsoft ya fitar da shi a 1999, sannan a watan Nuwamba na 2019 aka sake fito da shi da sabon zane da gyare-gyare a ƙarƙashin sunan Definitive Edition, wanda shi ne ake bugawa a yau kuma a kansa wannan jagora take. Wasan ya ɗauki zamanin da ya faro daga rushewar daular Rum ta yamma har zuwa bayyanar bindiga, kuma a cikinsa mutum yana iya jan ragamar Farankawa, ko Mongol, ko Larabawa, ko Habashawa, ko mutanen daular Mali.

Mafi yawan masu farawa suna shigowa da sha'awar karo, suna son su ga barade sun faɗa kan 'yan baka, shi ya sa suke zuba ido a fagen fama su manta da gari. A ganina nan ne tushen kusan duk rashin nasarar mafari. A wannan wasa wanda ya fi yawan talakawa masu aiki, kuma ya kashe abin da suka tara a kan lokaci, shi ne yake zuwa fagen fama da runduna mafi girma, kuma babbar runduna tana yafe wa mai ita kurakurai da yawa. Saboda haka zan fi daɗewa a kan mintuna goma na farko fiye da kowane sashe.

Mataki na farko: shirin da ake yi kafin a shiga fili

Ana samun wasan a Steam, wato shagon wasannin kwamfuta na intanet, da shagon Microsoft, kuma ba ya buƙatar intanet idan da kwamfuta za ka kara, sai dai wajen sauke shi da sabunta shi, wanda yake cin data sosai, don haka gara a yi shi inda ake da wadatacciyar hanya. Wanda bai taɓa taɓa irin wannan wasa ba ya fara da labarin koyarwa na William Wallace, jagoran mutanen Sikotilan, domin a nan ake koyon yadda ake zaɓar mutum da linzami, a tura shi aiki, a gina gida. Bayan shi akwai jerin gajerun darussa da aka gina a kan hikimar Sun Tzu, masanin yaƙi na tsohuwar ƙasar Sin, kowanne da lokacin da ake son ka cimma da lambar yabo ta tagulla, azurfa ko zinariya. A wasan, gari yana bin zamanai huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana buɗe sababbin gine-gine da mayaƙa. Darasin tattalin arzikin farkon wasa da na saurin kaiwa zamani na uku sun cancanci a maimaita su har sai an samu aƙalla azurfa.

Abu na biyu shi ne allon madannai. Wanda yake yin komai da linzami kaɗai ba zai taɓa cimma wanda yake amfani da hannu biyu ba. Ba sai ka haddace madannai hamsin ba, guda huɗu sun isa a makon farko: wanda yake kai ka cibiyar gari, wato babban ginin da talakawa suke fitowa daga cikinsa, wanda yake fitar da sabon talaka, wanda yake nuna maka talakan da ya tsaya babu aiki, da wanda yake gina gida. Shiga wurin saituna ka ga yadda aka jera su, ka sauya duk wanda yatsanka ba ya kaiwa cikin sauƙi. Ka kuma koyi ɗaure runduna a lamba, wato ka zaɓe su ka danna Ctrl tare da 1, ta yadda duk lokacin da ka danna 1 suna hannunka.

Sai zaɓen al'umma. Ka riƙe guda ɗaya har tsawon wasanni da yawa, domin mai sauya al'umma kullum ba ya gane ko kuskurensa ne ya kayar da shi ko rashin sabo. Farankawa, kakannin Faransawa, su ne aka fi ba mafari shawara a kansu, saboda dawakinsu sun fi na kowa ƙarfin jiki da kashi 20 cikin ɗari tun daga zamani na biyu, kuma ana ba su ci gaban gona kyauta. Mai son baka ya ɗauki Birtaniyawa, waɗanda kibansu suka fi nisa, ko Habashawa, waɗanda 'yan bakarsu suka fi saurin harbi kuma suke samun ƙarin abinci 100 da zinariya 100 duk lokacin da suka shiga sabon zamani. Mutanen Mali suna gina gine-gine da ragin kashi 15 cikin ɗari na itace, abin da yake sauƙaƙa wa mafari ƙuncin farkon wasa. Ga mai son ganin Hausawa da kansu, ba a wannan wasa suke ba, suna cikin Age of Empires III, a ƙarin da ya fito a 2021 mai suna The African Royals, inda aka sa Sarauniya Amina a matsayin jagora, aka kuma kawo 'yan lifidi da 'yan bakan Fulani. Tsarin wancan wasa daban ne, lissafin da ke tafe ba zai yi aiki a can ba.

Mataki na biyu: mintuna goma na farko

A taswirar da ake kira Arabia, wadda ita ce aka fi karawa a kanta tsakanin mutum biyu, kana farawa da cibiyar gari ɗaya, talakawa uku, ɗan leƙen asiri ɗaya a kan doki, abinci 200, itace 200, zinariya 100 da dutse 200. Cibiyar gari tana ɗaukar mutum biyar ne kawai, kuma kun riga kun zama huɗu, don haka daƙiƙar farko tana da aiki biyu: ka danna fitar da talakawa har abincin ya ƙare, wato guda huɗu tun da kowanne abinci 50 ne, sannan ka sa talakawa biyu su gina gida ɗaya, na ukun ya gina wani. Gida itace 25 ne kuma yana ƙara gurbin mutum biyar. Dalilin haɗa mutum biyu a gida ɗaya shi ne don ya ƙare kafin talaka na biyu ya buƙaci gurbi.

Kowane talaka yana ɗaukar daƙiƙa 25 kafin ya fito. Daga wannan lissafi ne babbar ƙa'idar wasan ta samo asali, wato cibiyar gari kada ta taɓa zama babu wanda take fitarwa. Idan ta tsaya minti biyu a farkon wasa, ka yi asarar kusan mutum biyar, kuma waɗannan biyar ɗin da sun yi ta aiki har ƙarshen wasa. Abubuwa biyu ne suke tsayar da ita, ƙarewar abinci da ƙarewar gurbi. Maganin na biyun shi ne ka riƙa duba lambar da ke saman allo, da zarar saura gurbi biyu ka tura mutum ya gina gida.

Talakawa shida na farko duk tumaki za su je. An zaɓi shida ne domin abin da suke tarawa shi ne daidai abin da yake ci gaba da biyan abinci 50 duk daƙiƙa 25. Kora tumakin har ƙarƙashin cibiyar gari, domin mai aiki ya sauke kayansa ba tare da tafiya ba, kuma a yanka ɗaya bayan ɗaya, saboda naman dabbar da aka kashe yana raguwa da kansa ko ana ɗiba ko ba a ɗiba. Mafari sau da yawa yakan bar kowane talaka ya yanka tasa, sai ka ga tumaki huɗu a kwance suna lalacewa. Kowace tunkiya abinci 100 ce, kuma yawanci guda takwas ne a kewayenka, huɗu kusa, sauran bibbiyu can nesa kaɗan, sai ɗan leƙen asiri ya nemo su. A wasu fuskokin taswirar awaki ko talotalo za ka gani a maimakon tumaki, aikinsu ɗaya ne.

Talakawa huɗu na gaba su je itace. Na farkonsu zai gina rumfar itace, mai cin itace 100, manne da bakin daji ba nesa da shi ba. Duba dajin kafin ka gina: wanda yake bayan garinka ya fi wanda yake fuskantar abokin gaba, kuma daji mai kauri ya fi tsirarun itatuwa da za su ƙare cikin mintuna.

Talaka na goma sha ɗaya shi ne mai aikin da ya fi ba mafari tsoro, wato janyo aladen daji, wanda a wasu taswirori giwa ce ko karkanda. Yana ɗauke da abinci 340 kuma ana ɗibarsa da sauri fiye da tumaki, amma yana iya kashe talaka, wanda ransa 25 ne kacal. Yadda ake yi shi ne, ka tura mutum ɗaya ya harbe shi, da zarar ka ga dabbar ta juyo ta biyo shi sai ka danna masa gudu zuwa cibiyar gari. Kada ka ɗauke ido daga kansa a wannan tafiya. Idan tazara ta yi yawa dabbar za ta koma, sai a sake harbi. Idan suka iso, ka zaɓi masu aikin tumaki su harbe ta gaba ɗaya, shi kuma mai janyowar, idan ransa ya yi ƙasa, ka shigar da shi cikin cibiyar gari na ɗan lokaci. Abin da ake so shi ne dabbar ta faɗi daidai ƙarƙashin ginin. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna zai iya fara yin binciken saƙa, wato wani ci gaba da ake saya a cibiyar gari, mai cin zinariya 50, wanda yake ɗaga ran talaka zuwa 40 ya kuma ƙara masa kariya. Gwanaye suna jinkirta shi zuwa dab da shiga zamani na biyu, amma asarar daƙiƙa 25 ta fi sauƙi a kan asarar mutum.

Daga nan mutum ɗaya ya gina gidaje, sannan ya gina injin niƙa, shi ma itace 100, kusa da itatuwan 'ya'yan itace, wasu uku ko huɗu su same shi a can. Idan naman dabbar farko ya ragu zuwa kusan rabi, ka tura a janyo ta biyu, domin kada masu aiki su tsaya jira. Sauran talakawan da za su fito su tafi nama da ragowar tumaki, kuma idan wurin ya cushe sai a fara kafa gona ɗaya ko biyu a jikin cibiyar gari, kowace itace 60. Barewa ma abinci ne mai kyau, 140 kowace, kuma ana iya koro su da ɗan leƙen asiri ta hanyar tsayawa a bayansu, sai dai wannan dabara tana cinye hankalin mafari, gara a bar ta sai gaba.

Idan mutanenka suka kai 21 ko 22 har da ɗan leƙen asiri, kuma ka yi binciken saƙa, ya kamata abinci 500 ya taru, sai ka danna shiga zamani na biyu. Sharaɗinsa gine-gine biyu ne, kuma rumfar itace da injin niƙa sun cika shi, gidaje ba sa shiga lissafi. Shigar tana ɗaukar daƙiƙa 130. Wanda cibiyarsa ba ta tsaya ko sau ɗaya ba zai isa a minti 9 da daƙiƙa 40 idan da mutum 21 ya danna, ko minti 10 da daƙiƙa 5 idan da 22 ne, bisa agogon wasan. Wannan shi ne ma'aunin da za ka riƙa gwada kanka da shi. Idan ka isa a minti 12, ka san cewa kimanin minti biyu sun salwanta a wani wuri, kuma nemo wurin ya fi duk wata dabarar yaƙi amfani a wannan mataki.

Mataki na uku: aikin ɗan leƙen asiri

Yayin da duk wannan yake gudana, dokinka kada ya tsaya. Ya fara zagaye garinka da'ira bayan da'ira, kowace ta fi ta baya faɗi, har ya gano tumaki, dabbobin farauta, zinariya, dutse da dazuzzuka. Riƙe madannin Shift yana ba ka damar jera masa wurare da yawa a lokaci guda a ƙaramar taswira. Da ya gama gida sai ya nufi garin abokin gaba, amma kada ya kusanci cibiyar garinsa, domin ana iya shigar da talakawa ciki su harbe shi. Abin da kake nema a can tambayoyi ne uku: ina zinariyarsa take, ina masu saran itacensa suke, kuma wane gini yake ginawa. Idan ka ga mutanensa a kan zinariya tun da wuri, 'yan baka ko masu takobi ne suke tafe. Idan babu kowa a zinariya amma ga bargar dawaki tana tashi, to 'yan sintiri masu doki ne, tun da su abinci 80 kawai suke ci. Wasan yana da madannin da yake sa dokin ya riƙa yawo da kansa, kuma ya fi barinsa a tsaye, amma ba ya sanin abin da kake son gani.

Mataki na huɗu: zamani na biyu da karon farko

Daƙiƙa 130 na jiran shiga ba hutu ba ne. A cikinsu za ka mayar da wasu masu abinci zuwa itace, ka gina barikin dakaru da itace 175, domin sai da shi ake iya gina barga ko filin harbi. Idan baka za ka yi, tura mutum uku ko huɗu zinariya su gina rumfarsu, saboda ɗan baka yana cin itace 25 da zinariya 45. Da shigarka sai abubuwa su zo a jere: ci gaba da fitar da talakawa, gina barga ko filin harbi, kowanne itace 175, sannan binciken gatari mai baki biyu a rumfar itace da na inganta gona a injin niƙa. Na gatarin ya kamata ya fara zuwa, domin itace ne yake zama gona, gona kuma ita ce za ta riƙe ka bayan nama ya ƙare. Duk lokacin da itace 60 ya taru ba tare da wata buƙata ta gaggawa ba, kafa gona. A injin niƙa akwai madannin da yake sa a riƙa sabunta gonaki da kansu, ka kunna shi.

Manufar hari a wannan zamani ba rusa gari ba ce, domin ba ka da abin da zai iya. Manufar ita ce kashe talakawan abokin gaba ko hana su aiki. 'Yan sintiri huɗu ko biyar da suka faɗa kan masu saran itace, suka kashe biyu suka gudu kafin 'yan mashi su iso, sun yi aikinsu. Haka 'yan baka shida da suka tsaya a bayan zinariyarsa suka hana kowa kusanta. Yaƙi ɗan zamba ne, kuma a wannan wasa zambar ita ce ka buga inda babu tsaro ka bar inda yake da shi. Idan baka kake yi, gina maƙera da itace 150 ka yi binciken gashin kibiya, wanda yake ƙara nisa da ƙarfin harbi, domin 'yan baka biyar masu shi sun fi bakwai marasa shi.

Kai ma irin wannan hari yana zuwa maka. Toshe ratar da ke tsakanin dazuzzuka da gine-ginenka da shingen katako da gidaje, kana farawa daga ɓangaren da abokin gaba yake. Ka duba sosai, domin rami mai faɗin taku ɗaya ya isa doki ya shige, kuma hanyar gwadawa ita ce ka umarci talaka ya fita waje ka ga ta ina zai bi. Akwai ƙararrawar gari mai tara kowa cikin cibiya, kuma ina ba da shawarar kada a taɓa ta, domin tana tsayar da aikin gari gaba ɗaya saboda dawakai uku. Zaɓi waɗanda aka kai wa hari kawai ka shigar da su, sauran su ci gaba da aiki.

Mataki na biyar: sanin wa yake cin wa

Kowane irin mayaƙi yana da wanda yake karya shi, kuma masu wasan sun ɗauko wannan daga tarihi, ko da yake sun sauƙaƙa shi. 'Yan mashi suna cin masu doki, kamar yadda dogayen masun Sikotilan suka tsayar da baraden Ingila a Bannockburn a 1314. A wasan ɗan mashi yana cin abinci 35 da itace 25 kawai, amma yana da ƙarin bugu 15 a kan doki, kuma idan aka ɗaga darajarsa ƙarin yana kaiwa 22, daga baya 32. 'Yan baka suna cin dakarun ƙasa masu tafiyar hawainiya, har da 'yan mashin. Masu jifan mashi, masu cin abinci 25 da itace 35, suna cin 'yan baka, suna kuma taɓa 'yan mashi, amma ba su da wani kataɓus a gaban sauran mayaƙa. Barde mai sulke, wanda yake samuwa a zamani na uku a kan abinci 60 da zinariya 75, yana cin masu jifan mashi da majaujawa, wato injin jifan duwatsu, da 'yan bakan da ba su da yawa. Raƙumi kuma yana cin doki, kuma ya fi ɗan mashi da abu ɗaya, wato yana iya bin barde ya cim masa.

Sai dai wannan jeri yana da sharaɗi wanda mafari ba ya lura da shi, shi ne adadi da darajar kayan yaƙi. 'Yan mashi uku ba za su tsayar da barade goma ba. 'Yan baka arba'in da suka tsaya a ƙuntataccen wuri suna iya kakkaɓe barade kafin su iso, abin da ya yi kama da halin da baraden Faransa suka shiga a Crécy a 1346. Barde mai cikakken sulke daga maƙera ba ɗaya yake da wanda ba shi da shi ba, domin kowane maki na kariya yana rage kowace kibiya, kuma kibiya ɗari ce take sauka. Saboda haka danna mayaƙin abokin gaba ka karanta lambobinsa kafin ka yanke shawarar karo. Tudu ma yana da tasiri: wanda yake sama yana ƙara kashi 25 cikin ɗari a bugunsa, na ƙasa kuma nasa yana raguwa da kashi 25. Idan ka ga rundunarsa a kan tudu, janye ka jira ta sauko.

Runduna mai kyau yawanci iri biyu ce, ɗaya mai cin zinariya wadda ita ce ƙarfin bugu, ɗaya mai arha wadda take kare ta daga mai karya ta. Barade da masu jifan mashi, ko 'yan baka da 'yan mashi a gabansu, misalai ne da suka isa mafari. Wanda ya ce zai yi iri biyar zai ƙare da biyar marasa sulke.

Mataki na shida: zamani na uku

Shiga zamani na uku yana cin abinci 800 da zinariya 200, yana ɗaukar daƙiƙa 160, kuma yana buƙatar gine-gine biyu na zamani na biyu, misali barga da maƙera. Wanda ya fara isa yana da babbar dama, domin barade biyar a garin da yake zamani na biyu ɓarna ce mai wuyar gyarawa. Da isarka akwai hanya biyu. Ko dai ka zuba komai a runduna daga barga biyu ka nemi gama wasan, ko ka gina ƙarin cibiyoyin gari biyu, kowace itace 275 da dutse 100, ka riƙa fitar da talakawa uku a lokaci guda. Dutse 200 da ka fara da shi daidai yake da cibiyoyi biyu, shi ya sa ba a son a ɓatar da shi tun farko. Kafa su a jikin zinariya ko daji, domin su zama wurin sauke kaya kuma mafaka. Kowace cibiya tana buƙatar kimanin manoma shida kafin ta iya aiki babu tsayawa. Abin da ɗan leƙen asiri ya gani shi ne zai zaɓa maka hanya: idan abokin gaba ya killace kansa yana tara dukiya, kai ma faɗaɗa, idan kuma rundunarsa tana bakin shingenka, runduna ce farko.

A wannan zamani ne dukiya take fara taruwa a hannun mafari, sai ya ga itace 1,500 a saman allo ya ji daɗi. Wannan alamar matsala ce, domin abin da yake ajiye ba ya yaƙi. Idan itace ya yi yawa, ƙara gonaki da gine-ginen soja, ko ka mayar da masu sara zuwa zinariya. Kasuwa tana musanya kaya ɗari-ɗari amma tana cire kashi 30 cikin ɗari, kuma farashi yana faɗuwa duk lokacin da ka sayar, don haka ta gaggawa ce, ba ta kullum ba.

Abubuwa uku ne suka cancanci kulawa a nan. Majaujawa, mai cin itace 160 da zinariya 135, tana iya share tarin 'yan baka da jifa ɗaya, amma tana kashe naka ma idan suna wurin, kuma ba ta iya jifan wanda ya matso jikinta. Limamin gidan ibada, zinariya 100, yana warkar da rauni, yana juya mayaƙin abokin gaba ya zama naka, yana kuma ɗauko kayan tarihi masu tsarki da aka warwatsa a taswira, yawanci guda biyar, kowanne yana kawo zinariya 30 a minti har ƙarshen wasa. Fadar dutse kuma, mai cin dutse 650, idan aka kafa ta a kan tudu kusa da zinariya, tana mallake yankin gaba ɗaya, kuma daga cikinta ake fitar da mayaƙin da al'ummarka ta keɓanta da shi, kamar matan Mali masu jifa da wuƙa ko maharban Mongol masu doki.

Mataki na bakwai: zamani na huɗu

Wannan yana cin abinci 1,000 da zinariya 800. Babban abin da yake kawowa shi ne babbar majaujawa, itace 200 da zinariya 200, wadda take jifa daga taku 16, nesa da inda kiban fada suke kaiwa, don haka wanda ya riga isa yakan rusa fadar ɗan'uwansa. Iyakar jama'a 200 ce, kuma gwanaye sukan kai talakawa 100 zuwa 130 kafin su cika sauran da mayaƙa. Mafari yakan tsaya a 50 yana ganin sun isa, sai rundunarsa ta mutu sau ɗaya ya kasa maye ta. Idan wasa ya yi tsawo zinariya tana ƙarewa a taswira, sai a koma ga mayaƙan da ba sa cin ta, wato 'yan mashi, masu jifan mashi da 'yan sintiri, kuma a lokacin ne kayan tarihin nan da aka tara tun da wuri suke raba gardama.

Mataki na takwas: gwaji, bita da shiga gasar intanet

Fara karawa da kwamfuta a matsakaicin mataki, kana maimaita buɗewa iri ɗaya har hannunka ya riƙa yin ta ba tare da tunani ba. Idan kana cin matakin da ake kira mai wuya a kai a kai, ka isa shiga karawa da mutane. Wasan zai fara gwada ƙarfin kwamfutarka, sannan ya ba ka maki na farko, kuma abu ne sananne mutum ya sha kaye a wasanninsa na farko kafin makin ya sauka inda zai riƙa haɗuwa da tsararsa. Ka tabbatar da caji da hanyar intanet kafin ka shiga, domin idan aka ɗauke wuta ko layi ya yanke a tsakiyar karawa, faɗuwa za a rubuta maka.

Wasan yana adana kowace karawa, kuma kallon wadda ka faɗi ya fi buga sabuwa amfani. Duba a wane minti ka shiga kowane zamani, talakawa nawa kake da su a minti 20 idan aka kwatanta da na abokin karawarka, sau nawa gurbi ya ƙare maka, da kuma lokacin da dukiyarka ta haura 1,000 ba a taɓa ta ba. Manhajar CaptureAge tana nuna jimillar lokacin da cibiyar garinka ta zauna babu aiki. Zaɓi abu ɗaya daga cikin waɗannan ka sa shi a gaba a karawa ta gaba, kuma idan lokacin zaman cibiyar ya haura minti ɗaya kafin zamani na biyu, da shi za ka fara.